Gidan Ƙarfen da Aka Ƙera wa Kamfas

Kawu Muhammad Bashir shi ne na farko a zuri'ar Baba Datti da ya ga teku. Kafin shi, ruwan da ya fi kowanne girma a idon 'yan gidanmu shi ne kogin Wudil, shi ma daga kan gada ake leƙensa ta tagar mota. Gidan maƙera ne a bayan kasuwar Gaya, kuma maƙeran baƙi: garma, fartanya, lauje, gatari, duk abin da manomi zai riƙe ya ci abinci. Masu aikin tagulla da azurfa su ake kira maƙeran fari, kuma tun kaka da kakanni ba a haɗa aikin biyu a murhu ɗaya. Baba Datti ya riƙe wannan da ƙarfi. A tsallaken lungu akwai rumfar Maiwada, maƙerin fari, sa'ansa ne kuma abokin tsokanarsa. Da safe Maiwada zai leƙo ya ce, "Datti, yau ma ba a wanke fuskar ba?" Baba Datti ya ce, "Mai 'yan kunne, matan sun tashi ne da ka fito?" Goro ɗaya suke rabawa, amma Baba bai taɓa taɓa masaɓar Maiwada ba ko da wasa.

Cikin 'ya'yansa maza, Bashir ne Allah ya ba hannu. Tun yana firamare yake gane ƙarfe ya nuna daga launinsa, ba sai an ce masa ya cire ba. Kowa ya ɗauka shi zai gaji uwar maƙera. Sai ya je makarantar fasaha ya koyi haɗa waya, wani abokinsa kuma ya yi masa hanya zuwa Fatakwal, wurin jiragen dako. Ranar da ya durƙusa yin sallama, Baba Datti bai ɗago daga kan laujen da yake bugu ba.

"Mu mutanen wuta ne," ya ce. "Me za ka je yi a ruwa?"

Bashir ya tafi. Ya fara da shafa giris a ɗakin inji, ya koma gyaran wayoyi, daga baya aka ba shi sitiyari, har ya samu takardar tuƙi. Ya auri Fiddausi 'yar Ajingi, suka haihu, kowace Sallah yana zuwa. Baba Datti bai taɓa ƙin amsa gaisuwarsa ba. Lafiya lau, alhamdulillahi, ya hanya, shi ke nan. Shaddar da yake kawo masa tana ninke a akwatin Inna A'isha, mahaifiyarsa. Sunansa ma ya ɓace a bakin tsohon. In ya ji motsin baƙi a tsakar gida sai ya tambayi Inna, "Mutumin ruwa ne ya iso?" Haka aka yi shekaru, har furfura ta fara leƙowa a gemun Bashir, kuma abin bai daina yi masa ciwo ba.

Jirgin da yake tuƙawa tsoho ne, yana kai siminti da kayan abinci garuruwan da ke cikin ruwa. Wata shekara mai jirgin ya sayo na'urar tuƙi ta hannu, irin wadda ake saita mata hanya ta riƙe sitiyari da kanta. Ƙwaƙwalwar kawai ya samo. Sauran biyun da take dogara da su babu: kamfas mai gaya mata inda hancin jirgi ya fuskanta, da sansa mai gaya mata yadda wutsiyar jirgin ta karkata, wato faifan ƙarfen nan na baya da ke juya shi a cikin ruwa. Aka ɗora wa Bashir nemo su, tunda shi ya san waya.

Ba ƙaramin aiki ba ne. Ba kowane kamfas ne ƙwaƙwalwar take jin maganarsa ba, ba kuma kowace sansa ba. Wani ka ga sabo fil, filoginsa ya shiga daidai, amma ka kunna na'urar ta yi kamar ba a haɗa komai ba. Wata sansar kuma in wutsiya ta yi dama sai ta ce hagu. Bashir ya bi shagunan masu fasa tsofaffin jirage a Legas, da ƙwaƙwalwar a jaka da ƙaramin batir, yana haɗawa yana gwadawa a gaban masu kaya, suna yi masa tsaki. Da ƙyar ya samu biyun da suka yarda da juna suka kuma yarda da ita. Sai dai hannun sansar, ɗan sandan da ake ɗaurewa a jikin wutsiya, ya karye, kuma ko da bai karye ba gajere ne, ba zai kai ba.

Kowane mai walda a Fatakwal zai yi masa wannan hannun kafin ya gama shan lemo. Bashir ya zuba kayan a jaka ya hau motar Kano. Ya daɗe yana neman abin da zai roƙa a wurin mahaifinsa, abin da ba za a ninke a sa a akwati ba.

Da hantsi ya shiga maƙera. Masu zaman rumfa na nan yadda ya bar su, wasu na jiran gyaran garma, wasu hira kawai ta kawo su. Ya cire takalmi ya durƙusa, aka gaisa gaisuwar da aka saba. Sannan ya buɗe jaka.

"Baba, aiki na kawo."

Baba Datti ya dubi abin, ya dubi ɗan. "A garin naku babu maƙera?"

"Akwai masu walda. Liƙi suke yi. Wannan kuwa kullum cikin motsi yake, liƙi ba zai riƙe ba."

Tsohon ya ajiye awartaki. Ya karɓi sansar ya jujjuya ta, ya ce a nuna masa yadda wutsiyar take tafiya. Bashir ya kama ƙyauren rumfar yana buɗewa yana rufewa, ya ce ga wutsiya, nan za a ɗaure, nan kuma sansa take zaune, duk inda ƙyaure ya je dole hannun ya bi shi ba tare da ya yi wasa ba. Baba Datti ya karyo tsinke a jikin zana ya auna, ya gutsure da haƙori, ya sake aunawa. Tambayoyi ya dinga yi. Nauyin wutsiyar fa? Ruwan gishiri yana kaiwa wurin? An daɗe rabon da ya yi wa Bashir magana mai tsawon haka, har Inna da ke jiyo su ta katanga ta daina tankaɗe.

Can ya hango ɗaya abin a bakin jaka, baƙi, kamar ƙaramin kwano a kife.

"Wancan fa?"

"Kamfas ne. Shi ne idon na'urar."

Baba Datti ya ƙwanƙwasa shi da farce. "Roba."

"Roba ce, Baba."

"Ido guda, a cikin roba, ga rana ga gishiri." Ya girgiza kai. Bashir ya ga tsohon ya ɗora tsinken awo a kai, amma hankalinsa na kan murnar da ke cikinsa, bai kawo komai a ransa ba.

Hannun ya fito kamar a jikin sansar aka haife shi. Bashir ne ya yi zuga, tsohon yana bugu, ba wanda ya ce wa wani ga abin da za ka yi. Ranar da zai koma, ya zo yin sallama, rumfar cike da mutane domin ranar kasuwa ce, har Maiwada ya tsallako yana tsaye a bakin ƙofa. Baba Datti ya jawo wani abu daga ƙarƙashin buzunsa, a naɗe da tsumma.

"Bashiru," ya ce. "Zo ka karɓa."

Sunan ne ya fara dukansa, kafin ya ga abin. Gida ne na kamfas, na baƙin ƙarfe, da murfi da 'yar sakata, an goge shi har yana ɗaukar ido. A kan murfin akwai zanen gidanmu, wanda Baba ba ya sa wa kayan kasuwa, sai wuƙar da zai ba suruki ko babban baƙo. A ɓoye ya yi shi.

Bashir ya san abin da duk wanda ya taɓa ɗaura kamfas ya sani: ba a kusantar da shi da baƙin ƙarfe. Ƙarfe yana jan sa, ya sa ya nuna inda ba nan ba. Shi ya sa ake yi masa gidan roba, ko na tagulla. Maganar ta zo masa har baki.

Maiwada ya riga shi. "Kai Bashir, da ni ka kawo wa, da na yi maka na tagulla, turawan jirgi su yi ta kallo."

"Ɗana zai rataya wa jirginsa 'yan kunne?" in ji Baba Datti. "Jirgin amarya ne?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Tsohon ma yana dariya, yana kallon ɗansa, ya ce ɗana a gaban jama'a. Bashir ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Allah ya ƙara girma, Baba."

"In ka ɗaura ka turo hoto a wayar ƙanwarka Hindatu in gani."

A mota ya yanke shawara: zai ɗaura, ya ɗauki hoto, ya cire. Da ya isa, ya ɗaura, ya ɗauka, ya tura wa ƙanwarsa Hindatu. Da yamma sai ga kira na bidiyo, fuskar Baba Datti ta cika wayar, bai san yadda ake riƙe ta nesa ba. Ya ce a buɗe murfin, a rufe, a nuna masa sakatar. Ya ce a nuna masa ruwan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe haka yake da faɗi." Daga ranar duk Juma'a bayan an sauko sai ya sa Hindatu ta kira, kuma bai taɓa mantawa da tambayar gidan kamfas ba. Ya yi tsatsa? A dinga shafa masa man gyaɗa.

Bashir ya kasa cirewa. Ya ga in ya cire, kowace Juma'a sai ya mayar ya nuna wa tsoho ƙarya. Akwai yadda ake saita kamfas ya saba da ƙarfen da ke kusa da shi: a fita fili a yi ta zagaye da jirgi a hankali har na'ura ta ce ta gane. Ya yi. Na'urar ta ƙi, ya sake, ta ƙi, ya sake, a ƙarshe ta karɓa da ɗan gargaɗi a gefen allo. Ya ce wa kansa ta karɓa. In gari a washe yake, yana ganin bakin gaɓa, duk sa'ad da jirgin ya fara zamewa sai ya gyara da hannu. Ya ce bayan wannan tafiyar zai cire. Tafiyar ta wuce, wata ta zo.

Wata safiya cikin damina ruwa ya sauko musu a wata 'yar siririyar hanya mai yashi dama da hagu. Ruwan can ba irin namu ba ne, in ya tsuge ko hancin jirgin ba ka gani. Babu gaɓar da zai kalla, sai allon na'ura, allon kuma ya ce suna kan hanya. Jirgin ya hau tudun yashi da dukan nauyinsa. Ƙasansa ya tsage, ruwa ya shiga simintin, wani ma'aikaci ya faɗo daga kan kaya ya karya ƙafa. Ba a rasa rai ba. Injiniyan da aka turo bincike ya duba sansar wutsiya ya ce wanda ya ƙera hannun nan ya iya aiki. Sannan ya zo kan gidan kamfas, ya manna masa ɗan maganaɗisu, ya kama. Ya juyo ya dubi Bashir, bai ma yi faɗa ba.

Aka sallame shi. Bakin ruwa kuwa ƙaramin gari ne, labarin matuƙin da ya sa kamfas a tukunyar ƙarfe ya riga shi zuwa duk ofishin da ya je. Ya kwaso Fiddausi da yara suka dawo Gaya. Ya kama gyaran injin ban-ruwa da haɗa wayar sola, ranar kasuwar Ajingi ya tafi can da jakar kayan aikinsa a bayan babur. A gida ya ce ruwan sama ne ya rufe musu hanya. Ba ƙarya ba ce, kuma ba wanda ya tambayi ƙari.

Baba Datti ya karɓe shi hannu biyu. Yana kiransa Bashiru, yana aika masa da kan kaza in an yanka. In baƙo ya zauna a rumfa sai ya ba shi labari: jirgi ya fashe, siminti ya nutse, amma gidan da ya ƙera ko lanƙwasa bai yi ba. Bashir na gefe yana zuga, kansa a ƙasa. Fiddausi kaɗai ta sani, ita ce take ganin yadda yake tsayawa a bakin rijiya da guga a hannu ya manta abin da ya kawo shi.

Da kaka wani mai sayen riɗi daga Kano, Alhaji Muzammil, ya tsaya a rumfar a gyara masa ƙugiyar sikeli. Azahar ta yi, ya ce zai yi salla nan kafin a gama. Baƙo ne, bai tambaya ba, ya ciro waya yana neman alƙibla. Kibiyar ta yi nan, ta yi can, ta nuna uwar maƙera.

"Alhaji, gabas tana bayanka," in ji wani. "Sai dai in maƙera za ka yi wa sujada."

Alhajin ya yi dariya. "Laifina ne. Ƙarfe ya yi yawa a nan, shi ke ruɗa ta. Kamfas ba ya shiri da ƙarfe."

Baba Datti ya bari har ya idar. Sannan ya ce ya kawo wayar. Ya ɗauki ruwan fartanya ya matso da shi, kibiya ta biyo shi. Ya janye, ta koma. Ya sake matsowa.

"Na waya ne kawai yake haka, Alhaji?"

"Kowane iri, Baba. Har na jirgin sama."

Tsohon ya gama masa ƙugiyarsa, ya sallame shi, ya sallami masu zaman rumfa, abin da bai taɓa yi da rana tsaka ba. Ya aika a kira Bashir.

"Ka sani?" ya ce, bayan ya faɗi abin da ya gani.

"Na sani, Baba."

"Tun ranar da na ba ka?"

"Tun ranar."

"Ka ɗaura."

"Kai ka ƙera."

Baba Datti ya mai da idonsa kan gawayin da ke mutuwa. Bashir ya jira faɗa, ya ma fi son faɗan.

"Da ka ja ni gefe ka ce, Baba, tagulla ake so. Da na tsallaka lungun nan na durƙusa wa Maiwada ya koya min. Ya yi min dariya har ya mutu, sai me?" Muryarsa ta sauka. "Ni na ɗauka mun shirya, Bashiru. Ashe duk Juma'ar nan da muke hira, tsorona kake ji."

Bashir ya buɗe baki zai ce ba tsoro ba ne, sai ya ga bai san sunan da zai ba abin ba.

Daga nan tsohon ya kafe sai ya je Fatakwal ya gaya wa mai jirgi cewa ƙarfensa ne ya yi ɓarnar, a mayar da yaro aikinsa. Mutumin da bai taɓa wuce Kano ba, ga ƙafa ta kumbura. Inna A'isha ta yi magana, ya ce ta fita a ciki. Da Bashir ya ga da gaske yake, har ya sa an wanke masa babbar riga, sai ya ce to a kira a waya.

Suka zauna a soro da hantsi. Baba Datti ya sa rigar duk da haka, ya gyara hula. Mai jirgin ya ɗauka. Bashir ya gaishe shi da Turanci, ya ce mahaifinsa ne ke son magana, shi zai fassara. Tsohon ya matso da bakinsa kusa da wayar, ya fara da sallama, ya faɗi sunansa da sunan ubansa da sana'arsu. Ya ce yaron nan ba sakarai ba ne, ya san aikinsa, biyayya ce ta kai shi. Ya ce in akwai wanda za a kama, ga shi nan a Gaya, ba ya gudu. Bashir yana juya maganar zuwa Turanci. Bai kai rabi ba mutumin ya ce yana cikin taro, ya kashe.

Baba Datti bai lura ba. Idonsa a rufe, yana ta bayani, ya kai kan ma'aikacin da ya karye, yana roƙon a isar masa da ban-haƙuri. Ya dakata inda ya saba dakatawa domin a fassara. Bashir ya dubi baƙin allon wayar. Abu ne mai sauƙi ya ci gaba da Turancinsa, daga baya ya ce mutumin ya ce zai duba.

"Baba," ya ce, "ya kashe. Tun ɗazu. Ba zai mayar da ni ba."

Tsohon ya buɗe ido. Ya dubi wayar, ya dubi ɗansa.

"To," ya ce. "Ka ga ka faɗa, kuma ga ni zaune."

Ya miƙa wa Bashir hannu, Bashir ya tashe shi, suka fita. Baba Datti bai ga damina ta gaba ba. Kawu Bashir yana nan Gaya, yana gyaran injin ban-ruwa, bai sake komawa bakin teku ba.